Kawu Maharazu da Launin Giyar Fotugal

Najiba ɗalibar kimiyyar abinci ce a Dubai. Bincikenta na digiri na biyu a kan launin wata giyar inabi ne ta ƙasar Fotugal: me ya sa take farawa jajir, in ta tsufa a ganga ta koma ruwan ƙasa. Ko ɗigo ba ta taɓa kaiwa baki ba, na'ura ce ke aunawa. A Kano kuwa mahaifiyarta cewa take 'yarta zoɓo take karanta.

A 2019 Kawu Maharazu, yayan mahaifiyar, ya zo sarin takalma kasuwar Naif ta Dubai, ya biyo gidanta cin tuwo. Ya tambayi abin da take karantawa, tsautsayi ya sa ta faɗi gaskiya. Nan take ya buɗe wa'azi, tun daga azabar kabari har zuwa lalacewar 'yan boko, ya ce da ma sai da ya gargaɗi ƙanwarsa. Hannunsa dai bai bar kwanon ba.

Ranta ya ɓaci, amma kawu kawu ne. Ta ɗauko zoɓo a firji, ta cika kofi biyu, ta ce abin da ke rina fatar inabi ɗan'uwan wanda ke rina zoɓo ne. Ta matsa lemon tsami a ɗaya, ya ƙara ja. Ta jefa kanwa a ɗayan, ya yi duhu kamar ruwan kwata. Ta ce iska da zafi da haske ne ke cinye jan, kuma akwai dabarar rage ɓarnarsu.

Kawu ya ƙura wa kofunan ido. Ashe yana da ɗan kamfanin zoɓon roba, wanda kayansa ke komawa kalar shayi tun ba su kai Zariya ba.

"To ai, 'yata, ilimi kayan mumini ne," in ji shi, yana gyara zama. "Haramcin a sha yake, ba a kallo ba. Yalla, sake min bayanin."

Ta sake, har da batun roba mai duhu da ajiya a sanyi.

Zoɓon ya karɓu a Kano, Kawu na shaida wa dillalai cewa sirrin a kasuwar Dubai ya tsinto shi da basirarsa. Bayan sallah mahaifiyarta ta kira ta da saƙonsa: a sa wa yarinyar nan ido sosai, sannan in za ta yi digiri na uku, ta nemi giyar da ta yi kama da kunun aya, don shi ma saurin lalacewa gare shi.