Tana Gaishe Ka

Tun da safe Direba ya goge motar Jakada, ya sake gogewa, ya hura gilashin ya bi shi da hannun riga. Motar fes take, zama ne kawai ya gagare shi.

Tun da ƙasashen waje suka ƙaƙaba wa gwamnatin Janar takunkumi, jiragen ruwa suka daina sauke kaya, kantunan magani suka koma sai auduga da sabulu. Janar kuwa, don ya huce haushi, ya ce Jakada ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar. Yau za a garƙame ofishin jakadancin, har da ɗan asibitin da ke bayansa. A firijin asibitin nan akwai allurar ciwon sukari, irin wadda 'yar Direba ke rayuwa da ita. Kalma ɗaya daga bakin Jakada ta isa nas ta buɗe shi.

"Ka faɗa masa fa, Baban yara," matarsa ta ce lokacin da zai fito. "Kwalbar ƙarshe muke ciki."

Tsohuwarsa ta sa baki daga kan tabarma. "Ni dai na san jaki ake sa wa takunkumi don kada ya ci. Ga Janar kullum a talabijin, kumatu sai ƙaruwa. To a bakin wa aka ɗaura shi?"

Babu wanda ya yi dariya.

Jakada ya shiga mota, Direba ya zare rigar 'yar tutar da ke gaban motar, suka kama hanyar filin jirgin sama. Ya ce a ransa, in sun wuce shataletale zai yi magana. Suka wuce. Ya ce bayan shingen sojoji. Suka wuce wannan ma. Shekara da shekaru yana tuƙa mutumin nan bai taɓa roƙonsa ko ruwan sha ba, yau kuma da ake korar Jakadan kamar ɓarawo ne zai buɗe baki?

Sai da ya sauke akwatuna a filin jirgin sannan ya russuna.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan marar lafiya... tana gaishe ka."

Ya faɗa ke nan. Duk wanda ya tashi a gidan mutunci ya san gaisuwar marar lafiya ba ta zuwa haka kawai. Sai a ce, "Me take bukata?"

Amma Jakada a aji ya koyi Hausa, kuma yana ji da ita. Fuskarsa ta yi haske don an zo inda ya iya. Ya dafa ƙirji.

"Ina amsawa! Allah ya ƙara sauƙi."

Ya riƙe hannun Direba da hannu biyu, idonsa har da ƙwalla, ya shige ciki.

Direba ya mayar wa tutar rigarta, ya taka mota da gudu ya koma ofishin. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa, soja a tsaye.

Matarsa na bakin ƙofar ɗaki da ya iso gida. Idonta bai kai fuskarsa ba, a hannuwansa ya tsaya.

"Ka faɗa masa?"

"Na ce tana gaishe shi."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce yana amsawa."