Kilomita Arba'in da Suka Rage

Shekara ashirin da biyu Makanike yana gyaran motocin gudu, kuma abu ɗaya yake tinƙaho da shi: hannunsa bai taɓa kusantar mitar mota ba. Dillalai sun sha roƙonsa ya mayar musu da lamba baya, tsohuwa ta koma budurwa, yana korar su. Shi ya sa in ya sa hannu a takarda cewa mota ta yi tafiya kaza, ba mai ja da shi.

Sai ga yayansa, tsohon hedimasta, da roƙon da bai taɓa jin irinsa ba.

"Ni gaba nake so ka kai ta," in ji Yaya. "Arba'in kacal."

Motar Yaya ja ce, ƙofa biyu, turbo biyu, kuma wata uku ke nan tana kwance a lungun garejin. Gasket ɗin kan inji ya ƙone karo na uku, ruwa da baƙin mai sun haɗu sun yi kauri a lagireto. Mitarta ta tsaya a 399,960. Ƙungiyar masu tsofaffin motocin gudu kuwa tana ba da tambarin azurfa ga duk wadda ta cika dubu ɗari huɗu, in makanike ya shaida a rubuce. Taron bana ranar Asabar ne.

"Yaya, ƙarya ƙarya ce, ko ina ta fuskanta."

"Wa na cuta? Wanda ya rage lamba mai saye yake cuta. Ni tsufa nake ƙara mata. Ka taɓa jin an kama mutum don ya rage wa kayansa daraja?"

"To in tambarin na mota mai aminci ne, wannan fa?"

"Motar nan ba ta taɓa ba ni matsala ba."

Makanike ya dubi kantar bango, inda ya jera abin da ya ciro daga cikinta a shekara tara: famfon ruwa huɗu, turbo uku, kulocin da ya narke, ƙullin wayoyin da suka kusa cinye ta da wuta.

"Waɗannan kulawa ce," Yaya ya ce, ya kau da kai. "Kai dai tun kana ƙarami taurin kai gare ka. Ni na koya maka riƙe sifana, ka manta?"

"Malamin lissafi ne kai, Yaya. Ba ka san girman sifana ba har yau."

Yaya ya fita yana huci. Makanike ya zauna kan tsohuwar taya, maganar na cin sa. Gaskiya ne ba wanda za a cuta. To amma in ya taɓa mita yau don ɗan'uwa, gobe da wane baki zai kori dillali? In kuma ya ƙi, ya hana dattijo abin da yake ƙirgawa tun ranar da ya ajiye aiki, saboda tazarar da mai keke ke yi kafin azahar.

Washegari matar Yaya ta zo, ta ajiye igiya a kan teburin aiki.

"Ƙanina, yayanka ya hana ni sakat a gida. In aka ja ta, mitar tana ƙirgawa?"

Makanike ya dubi igiyar. "Tana ƙirgawa, in makulli na kunne."

"To tashi."

Haka aka ɗaura jar motar a bayan 'yar kurkura, ƙaramar motar da matar Yaya take kai kayan ɗinki kasuwa da ita. Yaya ya zauna a sitiyari, da baƙin tabarau da safar hannu ta fata. Suka zaga titin bayan masana'antu sau goma sha uku, kamar masu rakiyar mara lafiya. Wani mai baro ya wuce su, ya yi musu sannu. Da lambar ta cika, Yaya ya danna ham, ham ɗin ma ya ƙi.

Saura takarda. Makanike ya daɗe riƙe da biro. Tayoyin sun taka kowane kilomita, mita ba ta yi ƙarya ba. Amma ya san abin da mai karantawa zai ɗauka, ya kuma san ba haka aka yi ba. Ya rubuta lambar, ya ƙara a ƙasa: "Arba'in na ƙarshe jan ta aka yi da igiya." Ya sa hannu.

"Ka kashe ni," in ji Yaya. "A gaban mutane!"

"Ko ka kai ta haka, ko ka nemi wani makaniken."

Ba wani makaniken da ƙungiya ta yarda da shi. Ranar Asabar shugaban ƙungiya ya karanta takardar da ƙarfi, har layin ƙarshe. Makanike yana tsaye a bayan zauren yana jiran dariya, yana lissafin shekarun da Yaya zai yi bai gaishe shi ba.

Ba wanda ya yi dariya. Shugaba ya yi gyaran murya, ya duba littafin dokoki, ya ce bai ga inda aka ambaci igiya ba. Aka maƙala wa Yaya tambari, aka tafa. Yaya ya wuce ƙaninsa bai kalle shi ba, amma ya dafa kafaɗarsa a wucewa.

A bakin ƙofa wani likita ya ja Makanike gefe, ya rage murya.

"Tawa saura dubu biyu da ɗari shida. Igiyar nan, tana da ƙwari?"

Bayansa akwai mutum uku suna jira, kowanne yana kallon wani waje.