Kalmasar Dada

A Bangi babu macen da take kallon hannunta in tana saƙar tabarma. Ido na hira ne da bin mai wucewa, kaba kuwa yatsu ne suka san ta. Salima ta fi shekara ashirin tana haka a gindin itacen bedin ƙofar gidansu, har ranar da ta ga jini a jikin kaba ta tambayi mata wa ya yanke. Ita ce. Tsinin kaba ya shige mata babban yatsa, ba ta ji komai ba.

Tun rani abin yake bin ta. Yatsu uku na hannun dama, kamar tururuwa na yawo a ciki, da safe sai ta yi ta yarfa hannu kafin ta iya riƙe ludayi. Jinin ne ya kai ta gidan likita. Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya ƙwanƙwasa wuyan hannunta da yatsa, ta ji wani abu ya tsarga har farce.

"Jijiya ta," in ji shi. "Ta matse nan, saƙa ta kawo shi. Ki aje kaba wata biyu, ki ɗaure wanga katako da bandi. In kin ƙiya, naman gindin yatsan za shi zube, kuma ba ya komowa."

Ta yi godiya, ta dawo gida ta cusa katakon ƙarƙashin gado. Wa ke ajiye kaba wata biyu saboda hannun da ko ciwo ba ya yi?

Bayan sati guda ta gama wata tabarma da hantsi, tana dariyar wani labari, ta juya ta don ta duba kalmasa. Kalmasa ita ce naɗin bakin tabarma, kowace mace da tata, a kasuwa ana gane ta kamar murya. Ta Salima shimfiɗaɗɗiya ce, a matse. Wannan kuwa kowane zaren kaba ya murɗa ya koma baya, ya yi tudu kamar kitso. Ta daina dariya. Kalmasar mahaifiyarta ce, Dada, wadda ta shekara tara a kabari.

Kuma Dada ba ta taɓa koya mata ba. Tana budurwa ta roƙa har da kuka, Dada ta ce Allah ya kiyashe ta, ta kore ta. Salima ta ɗauka rowa ce, kuma har bayan rasuwar ba ta yafe wannan ba.

Ta warware bakin, ta sake, idonta a kai. Tata ta fito, a hankali, a karkace. Wata maƙwabciya ta yi sallama, Salima ta ɗaga kai ta amsa gaisuwa, da ta mai da ido sai ga taki guda na kalmasar Dada. Hannun yana nan a cinyarta, yana jira. Tsoro ya kama ta da rana tsaka, mata shida zaune kewaye da ita.

Ran kasuwa Halidu dillali ya shafa bakin tabarmar, fuskarsa ta washe. "Ashe kin iya, kinka ɓoye muna? Har yau mutanen Madawa na tambayar kalmasar Dada. Duk wadda kinka yi irin wagga, ki kawo man." Ta ji daɗi, ba za ta yi ƙarya ba. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa shafa tabarmarta sau biyu.

Daga kasuwa ta bi gidan Inna Tabawa, ƙanwar Dada, don ta nuna mata. Tsohuwar ta bi bakin da yatsa, ta ture tabarmar gefe.

"Ba ni hannun."

Ta juya tafin, ta daɗe tana latsa gindin babban yatsa.

"Inna, ko Dada ta ka zo mani?" in ji Salima, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Dada na inda Allah ya aje ta. Wagga kalmasa ba a koyon ta, ɗiyata. Shekarar da yatsan uwarki ya bar ji, sai hannun ya koma tura kaba da gaɓa, shi na ka sa ta murɗe. Kakarku ma haka. Mutane sunka yi ta yabo, uwarki ko ta yi ta saƙa. Damina biyu ta samu. Sauran kin sani, ke kinka yi jinya."

Ta sani. Ita ta riƙa ɗaura wa Dada zane, ita ke kai mata ludayin fura baki, tana wanke hannayen nan da suka kwanta kamar busasshen ganye, da rami a gindin yatsa. Ta duba nata tafin. Ramin bai yi zurfi ba, amma ya fara. Sai kunya ta rufe ta, da ta tuna shekarun da ta yi tana kiran uwarta marowaciya a zuci.

Washegari ta fito gindin bedi da katako ɗaure a hannu. Kabar da ta jiƙa ta miƙa wa maƙwabciyarta duka, ta ce a gaya wa Halidu ya yi haƙuri. Mata suka yi ta tsokana, wai Salima ta zama matar kwamanda, sai zama. Ta yi dariya tare da su, idonta a kan hanya.

Can sai hira ta mutu. Ta bi idonsu zuwa cinyarta. Yatsun da suka leƙo daga bandi suna motsi, suna kama kabar da babu ita, suna murɗawa, suna turawa da gaɓa, da saurin da Salima ba ta taɓa yi ba.

Ta ɗora hannun hagu a kansu ta riƙe a hankali, yadda take riƙe na Dada in za ta wanke shi, har suka tsaya.