Indararon Kofur Filibus

"Ku ɗauke goronku," na ce musu. "Ba buki nika yi ba, ba suna ba."

Su uku ne a zaurena da rana tsaka, zafin bazara na gasa kowa. Akwai faston cocin da maƙwabcina Kofur Filibus ke zuwa, da wani dattijonsu mai gilashi, sai Mai unguwa Dikko, wanda suka jawo don suna ganin zan ji kunyarsa.

Fasto ya gyara murya. Yaro ne, na girme shi nesa ba kusa ba, amma bakinsa zaƙi kamar rake.

"Malam Maigandi, Kofur ba shi da sauran kwana mai yawa. Asibiti sun sallamo shi. Jiya na kai masa Jibin Ubangiji, wato 'yar gurasa da ƙoƙon da muke ba mai bi. Ya kawar da kai. Ya ce a addininmu, in ka san wani yana riƙe da kai a zuciya, sai ka shirya da shi kafin ka miƙa hannu ga wannan abinci. Ya ce kai ne. Kalma ɗaya muka zo roƙo, ka ce ka yafe."

"Kun biyo ta tsukin da ke tsakanin gidana da nashi?"

"Ba mu biyo ba."

"To ku biya, ku ɗaga kai sama. In kun ga abin da nika gani kullum, ku komo mu yi magana."

Dikko ya ce, "Haba Maigandi. Mutum shina bakin kabari. Ko mu addininmu yahiya yak koya muna."

"Mai unguwa, ran da ɗakin yah hwaɗi, kai ka fara isowa. Da hannunka ka ɗaga azara daga bisa ƙahwar matata Kulu. Ka mance, ko goron anka raba da kai?"

Ya tashi ya kakkaɓe riga. Suka fita, goron ma suka bar shi a tabarma. Na tura shi waje da ƙafa.

Ga yadda abin yake. Ni magini ne, ginin ƙasa, a nan Nasarawa cikin Birnin Kebbi aka haife ni. Da aka ba mu jiha, baƙi suka cika gari. Kofur Filibus mutumin ƙasar Zuru ne, tsohon soja, ya samu gadi a sabuwar sakatariya, ya sayi kangon da ke jikin gidana ya tayar da ginin bulo da rufin kwano. Ruwan rufin nan duka ya tara shi a indararo guda, a kusurwar da ginin ya haɗu da katangarsa. Indararon yana iya kallon tsakar gidansa, yana iya kallon waje. Tsakar gidan ya shafe ta da siminti, ba ya son ta jiƙe, sai ya juya bakin waje. Wajen kuwa tsuki ne da ko akuya ba ta juyawa a ciki, sai bayan ɗakin matata Kulu.

Na same shi tun ana kafa ƙusa. Na ce, Kofur, ruwan nan gindin ɗakina zai ci. Ya ce filinsa ne, tsukin ma rabi nasa ne. Na ce ruwa bai san rabi ba. Ya yi dariya irin ta soja, ya ce in bar komai ga Allah.

Damina ta biyu ina Argungu ina wa wani mai albasa gini, aka aiko in komo. Na iske bayan ɗakin ya kwanta, an wuce da Kulu wajen maɗori a Ambursa. Ƙafar ta ɗoru, amma a karkace. Matar da ke daka turmi biyu kafin hantsi, yau jan ƙafa take kamar mai jan buhu.

Kofur ya zo jaje, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zo da kaza, ya durƙusa a zaure ya yi addu'a mai tsawo, har da hawaye. Ya ce ikon Allah ne. Ya fita. Indararo yana nan inda yake. Na sake gina ɗakin, kuma tun daga ran nan kowace damina ni ne cikin tsuki da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ina toshe abin da ruwansa ya ci.

Kuma mutumin nan kowa yabonsa yake. Shi ke share cocinsu tun da asuba. Shi ke zagaya marasa lafiya da kwanon abinci, bai tambayi addinin kowa ba. Bara da kwale-kwale ya kife da masu shinkafa a fadama, shi ya faɗa ruwa da kayan jikinsa. Duk na sani. Alherinsa ya zaga gari kaf, ƙofa ɗaya ce bai taɓa gani ba, wadda ke manne da tasa. Ran Lahadi zai fito fes da farar riga, littafinsu a hammata, ya ce, "Salama, maƙwabci." Ni kuwa in tofar da yawu.

Bayan tafiyar su fasto, matan cocin suka zo da ankonsu, suka tsaya a ƙofata suna waƙa a hankali, wata tana kaɗa tulu. Na fito na ce musu nan ba tasha ba ce. Da la'asar sai ga matar Kofur, Rifkatu, ita kaɗai. Doguwa ce, hannunta kamar na manomi, ba ta iya kwana-kwana ba.

"Malam, ni ba roƙo ya kawo ni ba. Ya ce ka zo ka faɗa masa a ido."

Wannan na iya. Na bi ta.

Rabona da ganinsa tun sanyi. Na iske ƙato ya zama kara, sai ciki a gaba kamar tulu, idanu sun yi rawaya. Ɗakin na warin magani. A kan ɗan tebur ga wani faranti an rufe da farin ƙyalle.

"Maƙwabci," ya ce, "ka zo."

"Na zo. Ba gaisuwa ta kawo ni ba."

"Na sani. Na yi maka laifi. Na yi wa matarka laifi. Ina roƙonka saboda Allah."

"Wanga baki na san shi, Kofur. Shi ka kawo min da kaza. Kai da Allahnka kun gama magana tuni, ni anka bari da laka. Kana son ka ci abincinka ka tahi da ciki sanyi, in ruwa ya sauko shi iske ni cikin tsuki kamar kullum. Mi ya hana ka juya shi? Ƙusa ta gagare ka?"

Ya ɗaga ido ga rufi.

"Ran da na juya shi," ya ce, "na yarda ni na karya ƙafar matarka. Kowace damina sai in ce bana zan yi. In na ɗauko hama sai in ga kamar duk unguwa na kallona. Share coci ya fi sauƙi."

"To ci gaba da shara."

Dattijon mai gilashi yana bakin ƙofa. Ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne. Gobe sai mu kira kafinta."

"Kafinta ya karya ta?" na ce. Na fice.

Washegari da hantsi ina kwaɓa ƙasa a ƙofar gida, sai na ji hayaniya. Rifkatu ce ta fito da tsani a kafaɗa. Bayanta ga Kofur, fasto ya riƙe shi ta nan, dattijo ta can, ƙafafunsa na jan ƙasa. Ya sa tsohuwar rigarsa ta soja, ta yi masa yawa a kafaɗa, ta ƙi rufuwa a ciki. Hama na rataye a wuyansa da igiya.

"Kofur, wannan ganganci ne," fasto ke cewa. "Allah ya ga zuciyarka. Ba da aiki ake samun ceto ba."

"Na sani, Fasto. Ba ceto zan hau nema ba. Indararo zan juya."

Mutane suka taru a bakin tsukin, masu kabu-kabu suka kashe mashin. Rifkatu ta jingina tsanin, amma ƙasan wurin duk rami ne, ruwan shekaru ya cinye shi, tsanin sai rawa yake. Tsukin ba ya ɗaukar mutum biyu a jere. Ita za ta tura Kofur daga baya, babu mai riƙe ƙafar tsani ta ciki.

Na wanke hannu na ratsa ta ƙarƙashi na riƙe. Kada wani ya ce tausayi ne. In ya faɗo ya mutu a jikin ɗakina, har jikokina sai an ce mu muka kashe shi.

Ya hau. Kowane mataki sai ya tsaya ya kifa goshi a kan itace yana numfashi kamar zuga-zugi. Zufarsa na ɗigo min a wuya. Da ya kai sama ya sa bakin hama ya fara ciro ƙusoshi. Sun yi tsatsa, sun kama. Ta farko ta fito da ƙara, ta faɗo kusa da ƙafata. Wata ta karye. Hama ta kuɓuce masa, igiya ta riƙe ta.

"Malam Maigandi," dattijon ya ce daga waje, "kai da ka iya, ka ƙarasa masa mana."

"Ba ni na kafa shi ba."

"Ku bar shi," Kofur ya ce, bai waiwayo ba.

Ya rungumi indararon da hannu biyu ya murɗa. Kwanon ya yi kuka, tsatsa da busasshen kashin tsuntsu suka zubo min a ka. Bakin ya bar ɗakin Kulu ya koma yana kallon tsakar gidansa. Ya buga ƙusa, ta lanƙwashe, ya buga wata a gefenta. Daga nan hannunsa ya saki. Rifkatu ta tare shi da ƙirji, aka sauko da shi kamar buhun da ya jiƙe, aka shimfiɗe shi a tabarma a inuwar tsakar gidansa don ɗaki ya yi nisa.

Fasto ya leƙo tsukin. "Malam, ka gani da idonka. Yanzu fa?"

"Na ga kwano ya juya. Ban ga ruwa ba."

Wani daga cikin taron ya ce, "Kai, wanga mutum ba shi da imani." Ban kula shi ba. Ni ban taɓa karɓar aikin rufi da ido ba, ko nawa ne. Na shiga gida na ciko bokiti a randa, na hau tsanin, na watsa ruwan can saman kwano. Ya gangaro, ya taru, ya bi indararon. Daga inda nake ina ganin gidan duka. Ruwan ya zuba tsakiyar simintin nan da ake ji da shi, ya bazu, ya rasa hanyar fita, ya bi ta ƙarƙashin takalmin fasto har ya taɓa gefen tabarmar. Na duba tsuki. Ko ɗigo.

Kofur ya sa tafin hannu cikin ruwan. Ya ɗago ido yana nemana a sama.

"Maƙwabci?"

"Aiki ya yi," na ce. "Amma ƙahwar ba tawa ba ta."

Ashe Kulu na tsaye bayan katangarmu tun ɗazu. Ba a ganinta, muryarta kawai aka ji.

"Rifkatu! Ki ce a ba shi abin nashi shi ci. Ni na yahe. Ku ɗauke shi daga cikin ruwa."

Fasto ya ɗauko farantin ya yaye ƙyallen. Ni na sauko a lokacin, don ba abin kallona ba ne. An ce gurasar ya kasa haɗiye ta sai da aka jiƙa, ƙoƙon kuwa ya sha da kansa.

Bai ƙara tashi ba. Ran Juma'a da safe na ji kukan Rifkatu, na san an gama. Suka sa akwatin a bayan a-kori-kura za su Zuru, matan na waƙa. Na tsaya a ƙofata har motar ta sha kwana. Dikko ya matso ya ce, "To kai dai ka yahe mai ko?" Na ce Kulu ta yi magana, ni ban da abin ƙarawa. Har yau ban ƙara ba.

Da Rifkatu ta komo daga zaman makoki, gabas ta fara haɗa hadari da yamma. Ina zaune tsakar gida ina gyaran ƙotar magirbi, sai na ji ƙwas, ƙwas, daga gidansu. Siminti take fasawa don ta yi wa ruwa hanya zuwa titi, kuma daga jin ƙarar da fartanya take yi.

"Malam," Kulu ta ce, "ina digarka?"

"Tana bayan ƙofa."

Ban tashi ba. Ta ja ƙafa ta ɗauko, ta ja ƙafa ta kai bakin katanga, ta dafa ta hau kan turmi da ƙyar. Ta ɗaga digar ta miƙa. Ƙotar ta haye tsukin, ta kwanta kan katangu biyun. Ƙarar fartanya ta tsaya. Can sai hannu ya fito daga ɗaya gefen ya ja ta a hankali.