Fursunan Nuala

Tunkiya ɗaya muka sata ni da Fintan a garin Cork, jirgin ruwan fursunoni ɗaya ya kawo mu Sydney zaman hukunci. Sai matarsa Nuala ta biyo shi, ta roƙi hukuma fursunan da zai yi mata aiki, aka ba ta mijinta. Ni gwauro aka ba ni guduma da sarƙa.

Jiya ina fasa dutse suka zo wucewa a keken doki.

"Malachy, kai ka huta!" in ji Fintan. "Uwargijiyata ko giya ta hana ni."

Na dubi tumbinsa.

"Nuala, ki musanya shi da ni mana. Ni ba na ƙorafi."

"Kai da ka bar tunkiya ta yi kuka har aka kama ku? Fasa dutsenka."