Wannan Ba Sunan Mutum Ba Ne

Ina da wani ɗan hali da ban cika faɗa ba: ban yarda da mutane ba, musamman idan suna cike fom. Shekara goma sha takwas ina wannan aiki na gina shafukan intanet. Na ga wanda ya rubuta "ban sani ba" a gurbin ranar haihuwa, na ga wanda ya zuba tarihin ciwon bayansa a gurbin lambar waya.

Saboda haka da aka ba ni aikin fom ɗin rajista na wani asibitin ido, ban tsaya ga binciken da shafin ke yi a wayar mutum ba, don wannan kowane ɗan iska zai iya kewaye shi. A saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan, can na kafa shingena. Gurbin suna, haruffa zalla. Na haramta alhamza, 'yar alamar nan mai wutsiya da ke rataye a sama, domin da ita ɓarayi ke cusa umarni cikin rumbun bayanai. Har saƙon korar ma ni na rubuta shi, ina jin daɗin kaina.

Ranar wata Alhamis da safe matata ta miƙo min waya a kan shayi. Likitan da ke cire yanar ido zai zo asibitin nan, mutum arba'in kacal zai duba, kuma ƙarfe goma sha biyu za a rufe rajista. Surukata na zaune gefe, ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan yana haɗa kaya.

"Injiniya, karanta wa Mama abin da na'urarka ta ce."

Na karanta a hankali: "Wannan ba sunan mutum ba ne."

"Ikon Allah," in ji Mama. "Shekara saba'in ina amsa shi."

Sunanta na da alhamza a tsakiya. Na ce a cire ta kawai. Aka cire. Saba ta ce sunan bai dace da na katin asibiti ba.

"Wannan kuma wane mai hikimar ne ya sa?" matata ta tambaya.

Na kurɓi shayi.

"Ku ƙyale shi," Mama ta ce, tana kallon wajen da take zaton ina zaune. "Wataƙila ba shi ne babba a wurin ba."

Ƙarfe tara ina ofis. Akwai dokar da ta ce ba a taɓa saba sai an yi gwajin kwana biyu, kuma ba sai na faɗi wanda ya kawo ta a taro ba. Na rufe ƙofa na taka dokar. Na gyara yadda ake shigar da suna cikin rumbu ta hanyar da alhamza ba za ta iya ɓarna ba, abin da ya kamata in yi tun farko da ban yi lalaci ba. Sha biyu saura minti bakwai sunan Mama ya shiga. Lamba ta talatin da tara.

Ranar aiki ni na kai ta da kaina, na sa babbar riga. Na nuna wa nas lambarmu a waya, na ɗan ƙara da cewa ni na gina tsarin.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," ta ce. Ta jawo wani littafi mai baƙin bango ta cire murfin biro da haƙori. "Mama, ya sunan?"

Ta rubuta Mama ta shida, domin mu ne na shida da isowa. Tun da aka kafa fom ɗin, ba wanda ya ba ma'aikatan asibitin kalmar sirrin buɗe jerin masu rajista.