Dalma Tara a Gindin Lemo

Na duba dalma da rabin ido, na yanke hukunci, aka raba surukina da bindigarsa. Abin da ya faru ke nan, ba zan yi masa kwalliya ba.

Gyaran lagireton mota nake yi. Shekara talatin ina narka dalma ina toshe ɓula. Karatu ban yi nisa ba, amma a kan dalma ba na son gardama, kowa ya sani.

Ran nan da hantsi matata ta shigo shago da wani abu ƙulle a bakin gyalenta. Ta kwance a kan teburin aiki, kusa da filaya. Ƙananan dunƙulen dalma ne guda tara, kowanne bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, duk ƙasa ta ɓata su.

"A gindin lemon gidan Baba na tsinto su ina shara," ta ce. "Baban yara, duba min. Na bindigar farauta ne ko na ƙaramar bindiga?"

Na san dalilin tambayar. Mahaifinta tsohon maharbi ne, ya haura tamanin, ido ya yi rauni. Bara 'ya'yansa suka zaunar da shi aka yi sharaɗi: bindigarsa za ta ci gaba da zama a kan ƙusoshi biyu a saman ƙofar ɗakinsa, muddin bai ƙara harba ta ba. Ran da ya harba za a ɗauke. In na ƙaramar bindiga ne, to wani ne daga waje, sai a kai rahoto. In na farauta ne, Baba ya saɓa alkawari.

Na jijjiga su a tafin hannu. "Na farauta ne. Na ƙaramar bindiga dogo ne, da rigar jan ƙarfe. Waɗannan tara-tara ake zuba su a kwanson harsashi ɗaya. Ƙirga ki gani."

"Ka tabbata? Ko gogewa ba ka yi ba."

"Ke, ni za ki koya wa dalma?"

Da la'asar muka haɗu a gidan, ni da ita da yayanta, mutumin da ko ruwa zai sha sai ya nemi takarda. Baba yana kan kujerarsa ta katako, sandarsa a cinya.

"Ban harba ba," ya ce.

Matata ta ce ai maƙwabta ma ba su ji ƙara ba. Na ce bayan katangar nan injin yankan katako ne, ko igwa aka buga ba mai ji. Na ƙara da cewa, "Baba, dalmar nan dai ba da ƙafarta ta zo gindin lemo ba."

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take. "To, Sarkin Dalma ya yi magana."

Yaya ya taka kujera ya sauko da bindigar, ya naɗe ta a buhu. Washegari ya miƙa ta ga hukuma, ya dawo da takarda mai hatimi.

Bayan sati uku tankin ruwan gidan ya fara yoyo, aka kira ni. Ina neman tsumma a ɗakin ajiya na ci karo da wani gwangwanin fenti. Kwanson harsashi ne a ciki, goma sha ɗaya, duk an farke bakinsu da wuƙa. Na juya gindinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda kunamar bindiga ta taɓa duka.

Na tafi gindin lemon na tona da yatsa, na samo wasu, na wanke a bokiti. Sumul suke, zagaye cif. Dalmar da aka harba tana matse 'yar'uwarta a hanyar fita, sai ka ga gefenta ya baje. Wannan na san shi tun kafin in yi aure. Wankewa kawai ban yi ba.

Na ajiye gwangwanin a gaban Baba na tsuguna.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya lalubi kwanso ɗaya ya murza. "Hannun ne yake ƙaiƙayi wani lokacin. In na ji shaho yana shawagi a kan kajin nan, sai jikina ya tashi. Sai in ɗauko ɗaya in farke, in jiƙa albarushin, dalmar in watsa gindin lemo. Uku suka rage in gama."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. Sau nawa kake so tsoho ya faɗi magana a gidansa?"

Ya miƙo sanda ya ɗan ƙwanƙwasa min kai, kamar mai gwada kankana.

"Tauri dai kamar ranar da ka zo neman 'yata. Tashi ka gama min tanki."

A ranar na tara matata da Yaya, na ce na yi kuskure. Kalmar ta yi min nauyi a baki fiye da buhun siminti. Matata ta ce in maimaita, wai injin katako bai bari ta ji ba. Da muka fito na ga tana share ido da gyale.

Sau uku ina zuwa ofishin hukumar da gwangwanin a hannu, ko za a mayar mana da bindigar. A na uku wani jami'i ya duba littafi ya ce an riga an yanka ta tare da sauran waɗanda aka tara.

Yanzu duk Asabar ina rufe shago. In ɗora Baba a bayan babur, mu fita har bakin daji, mu zauna a inuwa. Yana jin kukan tsuntsu zai ce, "Sarkin Dalma, wannan fa?" In na faɗa ya ce na wanke kunnen kuwa? In na ce ban sani ba, ya yi dariya har da tari, wai yau ma an ci riba.

In mun dawo ni nake kai shi ɗaki. Yakan tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu ya lalubi ƙusoshin nan biyu, ya ɗora sandarsa a kai. Kuskuren nawa ne, amma bindigar da ya riƙe shekara hamsin da shida shi ya rasa ta.